Wasan da na yi a kwamfutar Yaya zai sa shi rantsuwa

Assalamu alaikum Anti, a ɓoye sunana. Masu karatu, don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

A gidanmu nan Daura an san ni da tsokana. Inna takan ce ko a gidan makoki aka ajiye ni sai na sa wani dariya. Yayana yana da shagon maganin dabbobi, ga kwamfutar da yake ji da ita kamar ita ta haife shi. Duk maganin da ya shigo ana rubuta ranar da zai lalace, shekara a farko, sai wata, sai rana. Idan ranar ta wuce, sunan maganin ya yi ja.

Lokacin hutu ya ba ni aikin shigar da sabon kaya. Rubutun jikin kwalaben ƙanana ne kamar ƙafar tururuwa, na gaji. Sai na gano gurbin ranar ba ya ƙin komai, ko wasiƙa ka rubuta zai karɓa. A wata allurar rigakafin shanu na rubuta "sai ranar da Yaya ya yi aure". A wata kuma "sai ya daina rowa". Na yi ta dariya ni kaɗai, ina jira ya gani ya biyo ni da takalmi. Bai gani ba, domin shi ja kawai yake dubawa. Aka koma makaranta na manta.

Kwanan baya Malam Buba, wani makiyayi daga wajen Baure da ya daɗe yana sayayya a shagon, ya yi wa shanunsa allurar nan da na rubuta wa zancen aure. Cutar da yake gudu ta zo ta kashe masa maruƙa. Ya ce lalatacciyar allura aka sayar masa. Takardar jikin kwalbar kuwa ruwan ƙanƙarar da ake ajiye allurar a ciki ya ɓare ta tuni.

Na tambayi malamin kwamfuta a makaranta, kamar da wasa, me zai faru idan aka rubuta kalmomi a gurbin rana. Ya ce idan an ajiye rana a matsayin rubutu, ɗaya bayan ɗaya ake gwada haruffan, kuma harafi kullum yana bayan lamba. Wato a wurin kwamfutar, auren Yaya bai zo ba tukuna, allurar ba za ta taɓa yin ja ba. Wace irin dariya ce wannan na saya?

Ban san ko ta lalace da gaske ba, tunda ban karanta ranar ba. Amma magana ta kai gaban Hakimi, kuma Yaya ya ce zai dafa Alƙur'ani cewa bai taɓa sayar da lalataccen magani ba. Inna ta roƙe shi ya bar rantsuwa. Ya dube ni ya ce, "Auta, ba ke kika shigar da su ba? Akwai wanda kika tsallake?"

Na ce babu.

Idan na faɗa, shagon ya mutu, Yaya ba zai ƙara kallona ba. Idan na goge na sa ranar ƙarya, ni na ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani. Jibi ne zaman. Me zan yi?