Ƙwayoyin da Kake Aiko wa Zinariya

Ƙofar Dumi, Bauchi.

Zuwa ga Yayana Hammadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan kowa kalau. Dada ma ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fita barka da kanta.

Maganar ƙanwarmu Zinariya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da aka gano mata lufus, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ƙwayar sitiroyid ce ta tashe ta daga kwance. Ganin haka kake ta aiko mata da ita kwali-kwali, Allah Ya saka maka. Sai dai da ta ga magani ba ya yanke mata, ta daina komawa asibiti, ta yi shekaru tana sha yadda aka fara rubuta mata. Fuskarta ta cika, maƙwabta suna yi mata barka wai ta murmure, mu ma muka yarda. Ashe kumburin magani ne.

Bayan ƙaramar salla ta kasa tashi daga kan keken ɗinkinta saboda ciwon ƙugu. Aka ɗauki hoto, likita ta ce maganin ya fara cin ƙashin, sukarinta ma ya hau. Na ce to a watsar da shi yau, ta ce kul, jikin ya saba, yankewa farat ɗaya na iya halaka ta. Kaɗan-kaɗan za a riƙa ragewa, an kuma haɗa mata da wani. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu tana takawa da sanda, barcinta ya fara daidaita.

Ta roƙe ni kada in gaya maka, wai za ka ɗora wa kanka laifi. Ba ka da laifi, Yaya, ƙauna ce. Roƙona dai ka daina aikowa. Maimakon haka ka riƙa kiranta duk ranar ganin likita ka tambaya ko ta je, don a gidan nan kai kaɗai take jin kunyar yi wa ƙarya.

Ka gaida Anti Yagana da Abdulsalam da 'yar auta Khadijatu. Dada da Mansir suna gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Habibatu