Wuyan Hamidu da Hannun Wanzami

Malam, don Allah ka fitar da ni daga duhu. Ni wanzami ne a Kafin Maiyaƙi, gadon aska na yi. A gidanmu in an gama aski sai a kama kan mutum a murɗa hagu da dama, wuya ya ce ƙas, gajiya ta fita. Shekara ashirin ina yi, ban taɓa jin ƙorafi ba.

Wata biyu ke nan abokina Hamidu ya zo daga Riruwai, inda yake aikin kuza. Na yi masa aski, na murɗa wuyan. Wallahi kafin in wanke aska bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta ƙi fita. Innalillahi! Gari ya ɗauka wai hannuna da mugun abu. Kwana arba'in ba wanda ya hau tabarmata, ni kuwa tuwo ya ƙi wuce mini, ina ganin na nakasa wa 'ya'ya biyar ubansu.

Aka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce jijiyar jinin wuyansa a lanƙwashe take tun haihuwa, da wuya a samu irinta, ko kwanon kuzar da yake ɗauka a ka yana iya jawo haka. Alhamdu lillahi, yanzu yana takawa da sanda, har ya aiko wai gashi ya taru, kar in yi masa rowar aska. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

To, mutane sun fara dawowa, kowa kuma sai ya miƙo wuya. In na ƙi, a ce na amsa laifi. In zan yi, sai Hamidu ya faɗo mini a rai. Yaya zan yi?

Mai Aska, Kafin Maiyaƙi

Mai Aska, barka da arziki. Ci tuwonka. Ba kai ka halicci jijiyar Hamidu ba, ba kuma da mugunta ka taɓa shi ba. Amma kada maganar likita ta zame maka lasisi: bai ce murɗar ba ta da hannu ba. Wanda ya zauna gabanka gobe, kana ganin abin da ke cikin wuyansa? Gado gado ne, amma ƙas ɗin nan ba ya cikin aski.

Maganar mutane kuwa, ran kasuwa ka fara da Hamidu a idon kowa. Aske shi tas, ka bar masa wuyansa. Duk wanda ya nemi murɗa bayan nan, nuna masa sandar.

Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa albarka a askarka.