Hannayen Brezn

Straubing

Yaya Korbinian,

Bayan gaisuwa, ya matarka, Anti Irmgard? Ni dai barci ya ƙaurace mini. Hannun Baba rawa yake, kwaɓin burodi na suɓuce masa. In ba a samu mai murɗa burodin Brezn kafin bikin coci ba, rufe gidan burodin zai yi.

Ran Lahadi a coci Fada ya ce sunan Brezn daga Latin ya fito, ma'anarsa hannaye, don burodin kamar mutum ne da ya harɗe hannu a ƙirji yana addu'a. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Vroni

Stuttgart

Vroni,

Na gaishe ki. Addu'a kuma? Ki gaya wa Fada ni na san mai harɗe hannu, kuma ba addu'a yake ba. Haka Baba ya tsaya mini a ƙofa ranar da na tafi. Laifina kawai na manna hannayen Brezn a ƙasa, sirara, yadda na koya wajen mutanen Swabia, dangin matata. Ya juye tiren gaba ɗaya a kwandon shara, wai a yankinmu na Bavaria hannu sama yake zama. Tun da takardarki ta zo na kasa zaune na kasa tsaye, amma wanda ya kore ni shi zai kira ni.

Yayanki,
Korbinian

Straubing

Yaya mai taurin kai,

Gaisuwa a taƙaice, haushinka nake ji. Kai da Baba, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Jiya ya dage sai ya murɗa da kansa. Yatsun suka ƙi, hannayen Brezn duk suka zame ƙasa, sak irin naka. Na ɗauko kwandon shara, ya ce in gasa su haka. Tsohuwa Walburga ta ɗaga ɗaya a kanti, ta juya shi, ta ce, “Au, Korbi ya dawo ne?” Baba ya ce, “Yana hanya.” Da ya shiga ciki na ji yana kuka. Ƙarya ya yi mata ko gaskiya?

Vroni

Stuttgart

Ƙanwata,

Gaskiya ya faɗa. Jirgin ƙasa na Juma'a. Ki ba shi tire ya riƙe in zai tare ni a ƙofa, kada hannun ya samu damar harɗewa.

Korbinian