Dutsen da Ruwa Ya Bari Tsaye

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta gasa wurin fasa dutse, ruwan randar da ke wanke mini ƙurar maƙogwaro! Ina gaishe ki da hannun nan mai kanta, wanda yayanki ya ƙi karɓa shekaranjiya.

Labari ya iso ni. Wai an zauna a kaina a gidanku, Yaya ya ce mai fasa dutse ba ya tsufa, ƙura ke cinye masa ƙirji, shi ba zai ba da ƙanwarsa ta shiga takaba da ƙuruciyarta ba. Wai kuma ba za a ce mini a'a ba, a bar ni in gaji don kaina in zare jiki. Shi ya sa yau a shimfiɗa mini tabarma da fara'a, gobe a shanya ni a ƙofar gida. Abin ma dariya ya ba ni! Ni za a gwada wa wannan? Ai sana'ata ce. Mukan hura wa dutse wuta har ya ɗauki zafi, mu kwara masa ruwan sanyi, sai a ji ya ce tas. Amma akwai dutsen da ake ƙarar da itace a kansa a banza, ko ɓawo ba ya saki.

Kin tuna ranar da muka hau dutsen bayan wurin aikinmu, ruwa ya ɗauke, kina riƙe da takalmanki a hannu? Kika tambaye ni me ya sa shi kaɗai ke tsaye, ko'ina fili fetal. Na ce miki a da ƙasa daidai take da kansa. Damina bayan damina ruwa ya yi ta kwashe mai laushi yana kaiwa kwari, ya bar mai tauri. Kika murtsuke ɗan guntun marmara a tafinki ya zama gari, kika ce Allah ya raba ki da miji irin wannan. To, ga daminar ta zo, masoyiyata.

Ba na tsoron Yaya. Ƙirjina likita ya duba, lafiya lau, kwanana kuwa ba a hannun kowa yake ba sai Allah. Abu ɗaya ke cin raina: an ce da aka tambaye ki, kin sunkuyar da kai kin ce duk yadda suka gani. Haba, hasken raina! Wannan shirun naki shi ne tsagar da nake tsoro. Ta irinta ruwa ke shiga, saiwar ɗan tsiro ta bi shi, sai a wayi gari dutse kamar ɗaki ya rabe biyu. Kunya ado ce, na sani, amma kada ki bari ta raba mu.

Ranar Asabar baffana zai koma gidanku. Idan Inna ta kira ki ɗaki, ki ɗaga kai ki ce ni kike so, sauran ki bar mini. Na riga na sassaƙo dutsen dokin ƙofarmu daga gindin wancan dutsen, na kafa shi a filina, ko bango ban tayar ba. Maƙwabta suna ta dariya, wai ga ƙofa ba gida. Su yi ta yi! Ko gansakuka za ta rufe shi, babu amaryar da za ta tsallaka shi sai ke.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mai kantar hannu.