Layi Uku Da Suka Ɓace A Kwamfutar Alhaji

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a nan ma duk na canza su. Kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don wallahi na zagi kaina har na gaji.

Ni matar aure ce a Ƙofar Dundaye, shekara ashirin da huɗu a ɗakina, 'ya'ya biyar. Karatuna firamare ne da Islamiyya, sai ku yi haƙuri da rubutun. Ba ni da yawo, in ba biki ko asibiti ba ina gida. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tankaɗe a tsakar gida zan gaya miki babur ɗin wa ya tsaya a ƙofa. Da can abin dariya ne a gidanmu, yau shi ne ya jefa ni a wannan hali.

Da maigidana Alhaji ya yi ritaya aka biya shi garatuti, sai maƙwabcinmu Malam Yohanna ya ba shi shawara ya sayi hannun jari kada kuɗin su narke a cefane. Malam Yohanna mutumin Zuru ne, Kirista, malamin lissafi a sakandare. Katanga ɗaya muka haɗa shekara goma sha takwas. Matarsa, Maman Rahila, ita ta riƙe ni a mota ranar da naƙudar autata ta zo da gardama. Malam Yohanna ne ya sa wa Alhaji wata manhaja a kwamfuta wadda ke haɗe da kamfanin dillalan hannun jarin, duk abin da aka saya ko aka sayar ko ribar da ta shigo sai ya fito a layinsa. Alhaji kuwa da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, kuma ba ya iya rubuta abu bai furta shi ba. Kullum bayan la'asar zai zauna kan darduma, ya gyara tabarau, ya riƙa faɗar lambar sirrinsa harafi harafi a ƙasan maƙoshi. Ni ina can ina gyaran zogale. Ban yi niyya ba, Allah shaida, amma kafin wata guda na haddace ta kamar Fatiha. Kuma ita kaɗai ce gare shi, da ta banki da ta waya duk ita ce, don ya ce kansa ba ya ɗaukar biyu.

To ina da ƙane, Nasiru, shi ne autanmu. Innarmu ta rasu yana shekara huɗu, a bayana ya girma, ni na yi masa kaciya, ni na haɗa masa lefe. Yanzu yana da shagon waya da cirar kuɗi a Sama Road. Wata rana ina ba shi labarin Alhaji da kwamfutarsa muna dariya, sai bakina ya suɓuce na ce ai ni har lambar na sani. Sai ya ce, "Yaya, ke kin san abin da mijinki ya mallaka kuwa? Rai na Allah na. In ta Allah ta kasance, 'yan uwanshi za su ce miki babu komi, ki tashi da ɗiya biyar hannu wofi. Bari in duba miki kawai, ki san inda kike." Na ce a'a. Ya sake zuwa, ya sake faɗa. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana cina, don ko sau ɗaya Alhaji bai taɓa ce mini ga abin da ke ciki ba. Wace mace ce ba ta son sani?

Alhaji ba ya zuwa masallacin Juma'a da waya tun da aka taɓa zare masa ɗaya a cunkoso. Yana barinta a caji kusa da kwamfutar. Ranar wata Juma'a, yana fita da yaran, sai ga Nasiru, wai ya yi latti zai bi wani masallacin da ke tayarwa a makare. Na faɗa masa lambar. Ya danna, ya danna, sai wayar Alhaji ta yi ƙara, ya ce, "Karanto min lambobin nan, Yaya." Na karanta masa da bakina. Ya ce bai buɗe duka ba, sai wani mako. Juma'a uku muka yi haka. A ta ukun har dambu na zuba masa ya ci, ya ce, "Kwantar da hankalinki, mijinki na da rufin asiri." Na ji daɗi har da yi masa addu'a. Kun ji wauta?

Bayan kamar wata biyu Alhaji ya fara tsaki a kan darduma. Wai yawan hannun jarin da kamfani ke nunawa bai kai wanda kwamfutarsa ke nunawa ba, kuma ribar da ta shigo ta ragu. Ya kira Malam Yohanna. Kwana huɗu bawan Allah nan yana zuwa daga makaranta, ko abinci bai ci ba, su zauna a zaure. Ina jin su ta taga. Ya cire haɗin da kamfanin ya sake haɗawa, babu. Ya ce wataƙila kwanan wata ne aka saita ba daidai ba, ya gyara, babu. Ya sake jawo bayanan tun daga farkon shekara, babu. A rana ta huɗu na ji ya ce, "Alhaji, wannan ba laifin na'ura ba ne. Ita manhajar nan, in aka goge layi da hannu, ba ta sake kawo shi, tana ɗauka kai ne ba ka so. An sayar sau uku, kuma wani ya zauna ya goge layukan." Alhaji ya ce, "Wa zai goge? Ni da kai kaɗai munka san lambar ga." Wallahi muciya ce a hannuna, ban san sanda ta faɗi ba.

Washegari na ce zan je dubiya, na hau Keke Napep sai Sama Road. Kafin in ɗaga labulen shagon na jiyo muryar Nasiru a waya yana cewa, "Motar ta iso Kwatano? To cikon na nan, na gaya maka na ukun ya shigo tuni." Na shiga na ce, "Nasiru, kai ne?" Na zaci zai yi kuka, ko ya rantse, ko ya durƙusa. Ko gezau. Ya ajiye wayar ya ce, "Aro na yi, in mota ta fara aiki zan maida." Na ce to tashi mu je ka faɗa wa Alhaji da bakinka. Sai ya yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce, "Yaya, wa ab ba ni lamba? Wa ak karanta min abin da ke shigowa waya? In kin tona, ke za a fara kora. Ki yi shiru ki riƙe aurenki." Yaron da na tauna wa abinci na sa masa a baki! Yaron da na sayar da 'yan kunnena na biya masa kuɗin jarrabawa! Ashe duk zuwan da yake yi yana "Yaya, Yaya," kunnena yake so ba ni ba? Tun yaushe ya fara lissafa ni? Ban san yadda na iso gida ba.

Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne babban laifina. Don Malam Yohanna da kansa ya matsa wa Alhaji ya nemi cikakken bayani daga kamfani da banki. Takardun sun zo shekaranjiya. Kuɗin sun tafi wani asusu mai sunan da ba wanda ya sani, kusan rabin garatutin. Kuma ga rana ga lokaci an rubuta: Juma'a, Juma'a, Juma'a, duk wajen ƙarfe biyu saura. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce da ni, "Kin gani? Lokacin da duk Musulmin unguwar ga ke masallaci. Wa ya rage a gida? Kuma ran Juma'a da wuri suke tashi makaranta." Ko kallon zargi bai yi mini ba. Cewa ma ya yi, "Ke baiwar Allah kina ɗaka, mi kika sani." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ya daina amsa gaisuwar Malam Yohanna. Ya hana yara shiga gidansu. Jiya Maman Rahila ta leƙo ta katanga, idonta jawur, ta ce, "Hajiya, ke kin san Baban Rahila. Shekara sha takwas. Ko ke ma kin yarda?" Na ce mata Allah zai bayyana gaskiya. Ni da gaskiyar ke cikin bakina! Alhaji ya ce ranar Litinin zai kai takardun wurin 'yan sanda, kuma zai je makarantar ya sami shugabansu. Malam Yohanna kuwa saura shekara biyu ya yi ritaya. In aka ɗaura masa sunan ɓarawo a garin nan, ina zai sa kansa? Da wane ido 'ya'yansa za su fita?

In na faɗa, na san Alhaji, yana da haƙuri amma ba ya yafe cin amana, wataƙila ƙarshen zamana ke nan, kuma ƙanena zai kwana a hannun hukuma, dangi su ce ni na ɗaure ɗan Innarmu. In na yi shiru, a wulaƙanta mutumin da bai ci ko sisi ba, wanda ya bar abincinsa kwana huɗu yana neman layukan da aka goge a gabana ina zuba dambu. Kuma ko an bi sawun asusun daga baya an kai ga Nasiru, na san sunana zai fara kira.

Yau Asabar. Ɗazu na ji Malam Yohanna ta bayan katanga yana ce wa matarsa ta goge masa farar rigarsa, wai ranar Litinin shi zai raka Alhaji wurin 'yan sandan da ƙafarsa, don ba shi da abin ɓoyewa.

'Yan uwa, kwana biyu ya rage mini. Me zan yi?