Kabad Ya Shigo Gidanmu

Zuwa ga Gwaggona abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau. Umma tana gaishe ki, Auta ya zubar da haƙoran gaba biyu, yanzu in ya yi dariya sai ka ce ƙofar da aka cire wa ƙyaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san bakina ba ya iya magana a waya, gara takarda.

Gwaggo, kin san yadda muke. Baba yana haɗa injuna a masana'anta, da sun fara aiki sai mu ƙara gaba. Wannan ƙasa ita ce ta huɗu tun da na yi wayo, makarantar nan kuwa ta bakwai. Kuma Baba ba ya cewa za mu tashi. Sai dai ka ga ya ciro tef ɗin awo yana auna kaya yana rubutu a tafin hannu, don ya san girman motar da zai kira. Da mun ga haka kowa ya san aikinsa.

To, makon jiya ya shigo da tef ɗin. Ya auna ɗakinmu, ya rubuta, washegari ya tafi wani aiki na kwana uku. Umma ba ta tambaye shi komai ba, ta ce shekara goma sha shida tef ɗin nan bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta sauke labule, ta naɗe tabarmi, ta ba maƙwabciyarmu bokiti da tsintsiya. Auta ya cusa takalmansa a jaka ya zauna a kai. Ranar da Baba ya dawo, sai ga shi da kafinta da katakai a bayan mota. Ashe masana'antar ce ta riƙe shi ya zauna yana kula da injunan, shi kuma ya sa a yi mana kabad na zuba kaya, ya ɓoye don ya ba Umma mamaki. Da ya ga gida a ɗaure, ya yi dariya har ya zauna a kan akwati. Umma ta ce shi zai je ya roƙo bokitin, ita ba ta da wannan idon. Sabo turken wawa, in ji ta.

Kowa ya yi dariya ban da ni, kuma dalilin wasiƙar nan ke nan. A ajinmu akwai wata yarinya mai tabarau, benci ɗaya muke zama. Ita ta fara yi mini magana lokacin da ban san ko kalma goma a yarensu ba. Tana nuna abu da fensir ta faɗi sunansa, in na faɗa a karkace ta rufe baki da littafi don kada in ga tana dariya. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba. Ranar da na ga tef ɗin, sai na tuna kukan da na sha a garin da muka baro, na ce ba zan sake ba. Na mayar mata da rularta, na koma bencin baya. Ta biyo ni har bakin ƙofar makaranta tana tambaya me ta yi mini. Gwaggo, sai na ce mata na gaji da ita ne. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta juya. Magana zarar bunu, ga shi kuma ba inda za mu.

Na yi ta tunani, sai na gane ban taɓa shiryawa da kowa ba. Duk wadda muka ɓata da ita, mota ce ke zuwa ta raba mu. Sallama na iya, ban iya ban haƙuri ba. Kwana huɗu tana ɗora jakarta a gurbina. Jiya na je na tsaya kusa da bencin. Ba ta dube ni ba, amma ta sauke jakar ƙasa. Na zauna. Har aka tashi ba wadda ta ce uffan.

Umma ta ce shekara talatin kuna katanga ɗaya da maƙwabciyarki mai ɗinki, kun yi faɗa ya fi a ƙirga, kuma har yau ita ke ɗinka miki kaya. Don Allah ki rubuto mini abin da kike ce mata washegarin faɗa, kalma da kalma, zan haddace. Kafin amsarki ta iso zan ci gaba da zama a gefenta, ko da shiru ne.

Ki gaishe mini da Kaka, da Kawu, da Yaya Babba da jaririnta, da ita mai ɗinkin. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Shiru-shirunki