A Rage Digiri Ɗaya

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai.

Ka tuna darasin da ka fi so, lokacin ina ɗalibarka a sakandare? Ka shigo da ƙanƙara a kula, ka kunna risho, ka sa mu tsoma ma'aunin zafi a ruwan ƙanƙara, sannan a tafasasshe. Kullum maganarka ɗaya: "Kada ku yarda da ma'auni sai kun auna shi." Mu dai ƙanƙarar muke hari.

Har ma'aunin zazzaɓi na gidanmu na Ƙofar Kibo bai tsira ba. Ka gwada shi a ruwan ɗumi kusa da na makaranta, ka ce yana ƙara digiri ɗaya. Ka kafa doka, duk abin da ya nuna a rage ɗaya. Inna ma da ba ta yi boko ba ta haddace.

Kana Kaduna wajen duba takardun jarrabawa ma'aunin ya suɓuce wa matarka Rabi, ya fashe. Ta san zafinka a kan kayan aiki. Ta sayo irinsa sak a kemis, ta ajiye, ta ja bakinta ta yi shiru.

Sai ga shekarar sanƙarau. Zazzaɓi ya kama 'yarka Ummi. Kai da kanka ka auna, ka rage ɗaya, ka ce bai kai na asibiti ba, a ba ta magani zuwa gobe. Washegari wuyanta ya sandare. An kai ta, ba ta dawo ba.

Bayan sadakar arba'in ka zo ajinmu da ma'aunin gida, za ka nuna mana yadda ma'auni ke kuskure. Ka tsoma shi kusa da na makaranta, suka nuna daidai. Ka sake, ka kuma sakewa. Sai ka ajiye alli ka fita. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ka gane an canza shi, amma har ka koma ga Allah ba ka tambayi kowa ba.

Bayan rasuwarka Rabi ta faɗa mini komai. Yanzu ta tsufa, Yaya, ido ya yi rauni. Duk zuwan da na yi sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko ka sani. Nakan ce mata ba ka sani ba, kuma haka zan ci gaba da faɗa har ta iso ku.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Ummi a Aljanna.

Ƙanwarka,
Hadiza